Matar da Cikinta Ke Jin Kukan Mutane

Mu Kiristoci ne, kuma ba mu da yawa a layinmu na Ƙofar Marusa, amma da zarar Iya, kakata ta wajen uba, ta sauke tukunyar tuwo da magariba, har yaran maƙwabta sukan taru a bakin murhunmu. Wuni take tana tuyar ƙosai, don haka a gajiye take ba mu labari, ƙafafu a miƙe, tana yi tana hamma.

Wanda ya fi zauna mini shi ne na wata mata, Tabawa, wadda duk sa'ad da wani ya shiga wahala a garinsu sai cikinta ya murɗa. Ba ta samun sauƙi sai ta nemo mutumin ta taimake shi. Ta rame, ta gaji, har ta je ta roƙi boka ya raba ta da ciwon. Ya ba ta jiƙo ta sha. Ta samu barci, ta yi ƙiba. Ran nan 'yarta ta taka garwashi a bayan ɗaki tana ta kuka. Tabawa tana ji da kunnenta, amma ba ta tashi ba sai da ta cinye abincinta.

"Sai ta koma wajen boka," in ji Iya. "Ta ce, maido mani ciwona. Ya ce, tahi gida ɗiyata, fitar da shi kaɗai na iya."

Na tambaye ta ko ciwon ya dawo. Ta ce barci take ji.

Yanzu ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin yara. Kwanan baya wani yaro ya cika a hannuna. Na lulluɓe shi, na wanke hannu, na ci abincina. Ranar Lahadi ina gyangyaɗi a coci, sai na ji Fasto yana cewa inda Sabon Alkawari ya ce Yesu ya ji tausayin jama'a, kalmar a Helenanci, harshen Girkawa, daga "splankna" ta fito, wato kayan ciki, su hanji da hanta. A wurinsu, in ji shi, mai tausayi shi ne wanda cikinsa ya juya.

Barci ya bar idona. Ni ban je wurin boka ba, gajiya ce ta yi ta ba ni jiƙon kaɗan-kaɗan. A da ina ɗauka Tabawa muguwa ce. Yau na san mace ce da aiki ya ci ƙarfinta.

Washegari uwar wani yaro ta riƙe mini riga tana tambaya ko zai tashi. Na jawo kujera na zauna kusa da ita. Ban ji komai a cikina ba tukuna, amma ban tashi ba.