Agogon Ɗakin Haihuwa

Ko tsufa ya kwashe mini duk abin da na sani, ba na jin zai iya kwashe labarin agogon nan na ɗakin haihuwa. A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kibiya, ni ke kula da sola da firijin allurai da duk wani abu mai waya a jikinsa. Ni kuwa tun ina ƙarami haka Allah ya yi ni, in abu ya ƙi aiki ba na samun sukuni sai na ga cikinsa.

Wata shekara aka kawo mana agogunan bango guda shida masu tafiya tare. Akwai babbansu a ofishin shugaban asibiti, wani akwati ne mai eriya, shi ke aika wa sauran lokaci ta iska, babu waya. In ka sa wa ƙaramin batir, hannayensa za su ruga su tsaya a sha biyu, ya yi jim yana sauraro, da ya ji saƙon babban sai ka ga hannayen suna gudu da kansu har su sauka a daidai lokaci. Ranar da na fara gani sai da na cire batirin sau uku don kawai in sake kallo.

Bayan kamar wata biyu magana ta fara yawo. Wata mai jego daga Unguwar Gai ta koma gida ta ce ta ga agogon ɗakin haihuwa yana juyawa shi kaɗai, babu wanda ya taɓa shi. Wata ma ta ce ta gani. Kafin ka ce me, an gama yanke hukunci a gidajen suna cewa ɗakin yana da mutanen ɓoye. Mu ma'aikata dariya muka yi ta yi, har muka lura mata na zuwa awo amma in haihuwa ta zo sai su zauna a gida.

Dariyata ta ƙare ranar da maganar ta shigo gidana. Matata na da tsohon ciki, kuma haihuwarta ta fari da ƙyar aka ceto ta saboda zubar jini, har malamar asibiti ta ja mana kunne cewa ta gaba lallai a asibiti. Sai ga surukata ta zo daga Saji, ta zauna a tabarma, ta ce, "Malam, ni ba zan kai 'yata ɗakin da agogo ke yawo da kansa ba. A ɗakina za ta haihu." Kaina a sunkuye na ce, "Inna, na'ura ce kawai." Ta ce, "To na'urar wa ke juya ta?" Gaskiya tsoro ya kama ni, ba na aljanu ba, na abin da zai iya samun matata.

Na duƙufa. Na auna batir, lafiya lau. Na zargi kwanon rufi da kaurin bango, na zaga da agogon lungu-lungu, ko'ina yana jin saƙo. Na musanya shi da na ɗakin magani, ina cewa in agogon ne mai laifi, laifin zai bi shi. Bai bi shi ba. Na ɗakin magani da ya koma can, shi ma aka ce an gan shi yana juyi. Wannan ya ƙara rikita ni, ya kuma ƙara mini ƙaiƙayin son sani. Abin da ban yi tunani ba a lokacin shi ne, ni namiji ne, ba na shiga ɗakin sai babu kowa, an share an goge. Duk binciken da nake yi, a lokacin da ba abin da ke faruwa nake yin sa.

Wata safiya na shiga na tarar agogon ya ɗan karkace, alhali na san a miƙe na rataye shi. Na sauke shi na juya bayansa. A kan murfin batir akwai shatin yatsa mai maiƙo. Na shinshina, man kaɗanya ne. Mutum ɗaya na sani a asibitin nan da hannunta ba ya rabuwa da man kaɗanya: tsohuwar ungozomar da ke taimaka wa malamar, wadda rabin garin a hannunta aka haife su.

Na same ta a gindin darbejiya tana wanke daro. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, kina taɓa agogon ɗakin nan?"

Ko ɗar ba ta yi ba. "Ina taɓawa mana. Mace na naƙuda ka kafa mata agogo a gaban ido? Tana ji da kanta, tana ƙirga awa nawa ta yi, abu na ƙas-ƙas a kunnenta, ai sai zuciyarta ta karye. Sauke shi nake, in zare masa batir in kife shi. In ta sauka lafiya in mayar."

"To in kin mayar, kina tsayawa ki ga abin da yake yi?"

"In tsaya kallon agogo? Ga mabiyiya zan kai wa dangi su binne, ga ruwan zafi?"

Nan take komai ya warware mini. Iya ta mayar da batir ta fice, malama na can kan jariri, tana duba lokaci a wayarta. Mai jego kaɗai ke kwance tana kallon bango lokacin da hannayen ke gudu. Matan nan ba ƙarya suka yi ba, mu ne ba mu saurare su ba.

Na ja Iya ɗakin na nuna mata. Da hannayen suka fara gudu ta dafe ƙirji ta yi salati, sannan ta fashe da dariya har da hawaye. "Ashe ni ce aljanar!" in ji ta. Ban ce ta daina ba, don na ga tana da gaskiyarta. Ƙusa na cire, na mayar da agogon bangon da ke bayan kan gado, inda malama za ta gani amma mai naƙuda ba za ta gani ba.

Ranar awo Iya da kanta ta tara mata, ta zare batir ta mayar a gabansu, har da surukata da na aika aka ɗauko a babur. Inna ta karɓi agogon ta gwada da hannunta sau biyu, sannan ta miƙo mini.

Bayan sati uku matata ta haihu a ɗakin nan da hantsi. Jinin ya sake ɓallewa kamar wancan karon, amma malama na tsaye da allura a hannu, aka tsayar da shi. Ina waje a kan benci, sai Iya ta leƙo ta ce, "Mace ce, uwar ma lafiya. Agogonka ya ce goma da kwata."

Tun daga ranar, in aka ce mini na'ura ta lalace, ba na fara ɗaukar sukuddireba. Sai na tambayi wanda ya gani da idonsa, da wanda ke ɗakin lokacin da ba na nan.