Dokin Matsar Rake da Injin Tafiyata

A Gubuchi na tashi, a gidan da ake dafa mazarƙwaila. Idan lokacin yankan rake ya zo, tun asuba doki ke zagaya injin matsa a bayan gidanmu, ruwan rake na zuba cikin garwa, maza na juya shi a kan wuta har ya yi kauri. Kakarmu, Iya Tabawa, ita ke zuba shi a ƙananan kwanuka ya daskare. Tsohuwa ce tukuf, amma wallahi ba ta iya zama ba. Bayan magariba, in maza sun watse garwashi ya rage a murhu, sai mu yara mu kewaye ta muna kankarar ƙanzon tukunya. Ta miƙe ƙafafu ta ce tatsuniya ta yi sallama, mu ce ta shigo, ga tabarma.

Akwai wadda ta riƙa maimaitawa har muka ƙosa. Wai wani mai rake ne dokinsa ya tsufa a bakin aiki. Tausayi ya kama shi, ya sayo sabo, ya ɗaure tsohon a inuwar tsamiya, ya cika masa gaba da harawa da dusa. Ba a daɗe ba doki ya daina ci. Da asuba in ya ji ƙarar inji, sai ya miƙe ya yi ta zagaya turkensa, har kofatonsa ya haƙa hanya a ƙasa. Maigidan ya yi murna, ya ce ai ga shi yana motsa jiki. Ran nan doki ya tsaya ya leƙa gindin turke, ya ga ko ɗigon ruwan rake bai zubo ba. Nan ya kwanta, bai sake tashi ba.

Mukan yi ta gardama, mu ce wannan doki sakarai ne, an ba shi hutu ya raina. Iya ta ja kunnen wanda ya fi kusa da ita ta ce, "Ku ci ƙanzonku, 'yan nema. Ranar da aka ce muku ku zauna ku huta, za ku tuna da ni." Ita dai Allah ya rufa mata asiri, ranar da ta rasu ma sai da ta wanke kwanukanta da safe.

Yau ni ce tsohuwar. Bayan rasuwar maigidana, ɗana Sani ya ɗauko ni zuwa gidansa a Zariya. Yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka, matarsa ma haka. Amma kai! In na ɗauki tsintsiya a karɓe, in na shiga kicin a ce gas zai ƙona ni, get kuma kullum a kulle. Ni da nake noman albasa a fadama, in ɗauko ta a ka har kasuwa. Ƙafata ƙalau, bayana ƙalau, ga ni ajiye kamar buhun masara a lungu, kuma abin yana cin raina.

Ƙanin maigidana ya aiko cewa in ban dawo kafin dashe ba, zai ba maƙwabci fadamar. Na roƙi Sani ya mayar da ni ko na rani ɗaya ne. Ya ce me zai gaya wa mutane, yana da hali uwarsa na duƙe a cikin laka? Na haƙura, don na san ƙauna ce. Lokacin dashe ya zo ya wuce, fadama ta tafi.

Da likita ya ce in riƙa tafiya saboda hawan jini, sai Sani ya sayo wani inji ya kafa a falo, wai in hau in yi tafiyata ba rana ba tuntuɓe. Na hau. Ƙasa na gudu a ƙarƙashina, ina ta jefa ƙafa, zufa na zuba, bangon gabana bai matso ba. A nan na gane abin da ya kashe dokin Iya. Tafiya kam yana yi, abinci kuma ga shi a gabansa, sai dai babu mai jiran abin da tafiyarsa za ta haifar.

Na sauko na duƙa ina leƙen ƙarƙashin injin. Sani ya tambaye ni ko wani abu ne ya faɗi. Na ce a'a, ina duba ko wani abu ya zubo ne.

Ya yi dariya ya ce, "Haba Mama, sabo ne fa. Ba abin da zai zubo."