Gefen Daman Baba Labo

"Wa ya maida shi?"

Muryar Hafiza ce ta tsallako katanga, rana ta take, har kajin maƙwabta suka watse.

"Ni na maida shi," in ji Sha'ibu, babban ɗan gidan. "Ubana ne ko naki?"

"Naka ne, Malam Sha'ibu. Mikin ne nawa, tunda ni ke wanke shi."

Duk unguwar nan ta Gazawa an san wannan rigimar. Wata huɗu ke nan da hawan jini ya shanye wa Baba Labo ɓarin jiki. Hafiza ke zuwa duba shi sau uku a yini. Shekararta goma sha ɗaya tana bin gidaje da jakar buhu, a ciki akwai sabulu da auduga da safar hannu. Majon likita, wato babban mai jinya na asibitin garin, shi ya koya mata aikin, ya kuma nanata mata doka ɗaya: mai jinyar da ba ya motsi, a juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba naman da ya danne zai mutu ya ruɓe.

Sai ta juya tsohon hagu. Kafin ta kai bakin tasha an maida shi dama, fuska gabas. Sha'ibu ya ce ba wanda ya san lokacin ajali, kuma ba zai yarda mutuwa ta iske ubansa ya ba alƙibla baya ba. Mikin kwatangwalon dama ya fara kamar ƙwayar wake. Yanzu ya kai bakin kofin shayi, ya soma wari.

Mutane na cewa Hafiza faɗa gare ta. Gaskiya ne. Ta taɓa ƙwace kaskon garwashi daga ɗakin wata tsohuwa a Gangara, don hayaƙin na shaƙe ta, ta zubar a tsakar gida, ta kira surukan marasa kai. Abin da ba ta faɗa wa kowa shi ne uwarta. Tana budurwa ta yi jinyarta a Gidan Sori, ta ajiye ta a dama kwana saba'in, masu dubiya suna sa mata albarka, suna cewa yarinyar nan ta san addini. Daɗin yabon ta ji. Da aka zo wanka ne matan suka ɗaga zane, suka tarar gefen daman duk ya zama miki. Tun daga ranar, in aka yabi mai jinya, Hafiza sai ta je ta ɗaga zane.

Shi ma Sha'ibu ta karance shi. Ba ya shiga ɗakin sai da baƙi. Ya gyara wa tsohon hula, ya tsaya daga wajen kai, a ce masa Allah ya ba ka masu yi maka. Ko sau ɗaya bai dubi abin da ke ƙasan bargon ba.

"Zo nan," ta ce.

"Ina da mutane a zaure."

"Su jira. Baba, ka yi haƙuri, zan buɗe ka."

Ta cire audugar. Inna Rahina, matar tsohon, ta kau da kai, don ita ta sani, tsoron ɗanta ne ya rufe mata baki. Sha'ibu ya kai hannun riga hanci, ya sauke da kunya. Baba Labo yana kallonsa da idon da ya rage masa mai motsi.

"Tun yaushe?"

"Tun ina gaya maka kana ce mini 'yar likita mai surutu. In ya kai ƙashi, Maradi za a kai shi, kuma ba na ce zai dawo ba."

"To, gabas ɗin fa?"

"Kai, Malam, gabas gudu take? Kama katifar nan ta ƙafa. Kai ya koma arewa, ya kwanta hagu, ga fuskarsa gabas. Sau nawa na faɗa? Aikin mutum biyu ne, shi ya sa ba ka ji ba."

"Amma dama ita ce..."

"Kama!"

Ya kama. Suka juya katifar, babbar rigarsa na jan ƙasa, Hafiza na yi masa tsawa kan ya bi a hankali, ba buhun gero ba ne. Ta wanke mikin, ta sa matashi tsakanin gwiwoyin tsohon, ta nuna wa Inna Rahina inda inuwar katanga za ta kai a sake juyi. Sha'ibu bai koma zaure ba. Yana tsugune, ya riƙe ƙafar ubansa kamar bai san inda zai ajiye ta ba.

Hafiza ta wanke hannu, ta rataya jaka. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ranar da Allah ya karɓi abinsa, ku kwantar da shi dama, ba zan ce uffan ba. Yau dai da ransa. La'asar ina dawowa, kuma zanen zan fara ɗagawa kafin in gaida kowa."