Mai Haƙar Rijiya a Kotun Omdurman

Shekarata ta biyu a Khartoum ita ce shekarar da na fi yin shiru a rayuwata. Kafin in tafi, magatakardan kotu ne ni a Katsina. Da na samu gurbin ƙaro karatun shari'a a wata jami'ar Musulunci, sai na bar matata da 'ya'yanmu biyu a gidan mahaifina, na kama hanya. Ɗaliban Najeriya da Nijar da na tarar a can yara ne a kaina. Sukan gaishe ni da ladabi, su ce "Yaya", sannan su jira in wuce su ci gaba da hirarsu. Shi ya sa na bar ɗakin kwanan ɗalibai, na kama ɗaki a unguwar Sahafa, a gidan wani dattijo Bahaushe da aka haifa a gonakin audugar Jazira. Alhaji nake ce masa. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, an cuɗa ta da Larabci. Jikokinsa kuwa, in na yi musu Hausa, da Larabci suke amsa mini.

Aikin da malamina ya ba ni shi ne in tsara ma'auni guda wanda za a iya auna kotunan Najeriya da Nijar da Sudan da shi. Wato in an ce ƙasa tana bin doka, me ake nufi, kuma ta yaya wanda ke wata ƙasa zai gane gaskiya ne. A farkon shekarar aka yi wani taro na malaman shari'a daga ƙasashe daban-daban, ni aka sa in riƙa rubuta abin da aka tattauna. Sun yarda da abubuwa da yawa ba gardama: alƙali kada ya ji tsoron mai mulki, shari'a a yi ta a bainar jama'a, kowa daidai yake a gaban doka. Inda suka maƙale shi ne jimla ɗaya, wadda ta ce duk wanda aka tsare a yanke masa hukunci "cikin lokacin da ya dace". Wani ya ce a rubuta adadin kwanaki. Wani ya ce a ƙasarsu akwai garin da sai an yi tafiyar kwana biyu kafin a ga alƙali, to wane adadi za a rubuta? Na uku ya ce shi ba zai ɗauko lamba daga littafin Turawa ya ɗora wa mutanensa ba. Har aka kira la'asar ba a daidaita ba. Aka bar jimlar yadda take, aka sha shayi, aka watse.

Bayan taron malamina ya ce mini, "Ka bar ɗakin karatu haka. Je ka zauna a kotu ka gani da idonka."

Kullum da safe sai in sayi ful, dafaffen waken Sudan, a bakin titi, in ci a tsaye, in hau bas mu tsallake gada zuwa Omdurman. Wata ƙaramar kotu na zaɓa, mai fanka guda da benci huɗu. Nakan zauna a bencin baya da littafina. Babu mai kora ta, babu kuma mai yi mini magana. Sai in yini ban furta komai ba ban da sallama.

Wata ranar Talata aka shigo da mutanen da aka kama ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Alƙalin mutum ne mai furfura a gemu, yana magana a hankali. Ya sallami huɗu, saura ɗaya. Na ƙarshen dogo ne, baƙi, zai kai shekara hamsin, tafin hannunsa duk kanta. Alƙali ya tambayi sunansa da Larabci. Mutumin ya dubi ɗan sandan da ke gefensa, ya dubi alƙali, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ba na jin abin da kuke faɗi."

Hausar gidanmu ce tsantsa, irin ta arewacin Daura, wadda rabona da ji tun ranar da na bar gida.

Alƙali ya tambaya ko akwai mai jin harshensa. Na ɗaga hannu. Aka duba katina na ɗalibi, aka rantsar da ni, na je na tsaya kusa da shi. Na ce, "Baba, ina kwana? Ni ɗan Katsina ne. Duk abin da ka faɗa zan mayar masa da Larabci."

Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya daɗe bai saki ba.

Labarinsa ba shi da tsawo. Mai haƙar rijiya ne. Da aikin ya ja baya a wajensu, sai ya bi wasu samari ta Chadi zuwa wajen haƙar zinariya a arewacin Sudan, tunda dai rami ya iya. Can aka ɗauke jakarsa da takardunsa a ciki. Ya gangaro Omdurman yana neman hanyar gida, aka kama shi a kasuwa. Ya fi wata guda a tsare. Sau biyu ana kawo shi kotu, ana mayar da shi saboda babu tafinta.

Alƙali ya ce in tambaye shi ɗan wace ƙasa ne. Ya faɗi sunan ƙauyensu. Na ce, "Baba, ƙasa ake tambaya. Najeriya ko Nijar?"

Ya ce, "To, Malam, gidanmu dai ta can yake, gonarmu ta nan. Uwata 'yar wannan ɓangaren ce, ubana ɗan wancan. Ni dai babu wanda ya taɓa tare ni ya ce in zaɓa."

Na mayar da maganar. Alƙali ya yi rubutu, sannan ya yanke cewa za a mayar da shi ƙasarsa da zarar an tabbatar da wace ce, kuma za a yi hakan cikin lokacin da ya dace. Kafin nan zai ci gaba da zama a tsare. Na fassara masa kalma bayan kalma.

Sai ya ce, "Malam, shi lokacin da ya dacen, kwana nawa ne?"

Ba aikina ba ne in amsa. Na juya na faɗa wa alƙali tambayar kamar yadda aka yi ta. Alƙali ya cire tabarau, ya murza idonsa. Ya ce doka ba ta ba shi adadi ba, shi kuma ba zai yi wa dattijo ƙarya ba. Amma in aka samu ɗan ƙasa mai gida da zai tsaya masa, zai sake shi a hannunsa har a gama bincike.

Ni baƙo ne mai iƙamar karatu, tsayawata ba ta da amfani. Mutum ɗaya na sani a duk garin da zai iya. Da yamma na samu Alhaji a ƙofar gida yana gyara rediyonsa, na kwashe labari na faɗa masa. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Ɗana, ni a nan aka haife ni, a nan aka binne ubana. Amma sai da gemuna ya fara fari kafin in riƙe takardar da ta ce ni ɗan ƙasar nan ne. Ka san ofis nawa na shiga? Yanzu kana so in kai ta kotu in ajiye saboda mutumin da ban taɓa gani ba? In ya gudu fa?"

Na ce, "Gaskiyarka, Alhaji." Na shiga ɗaki.

Kwana biyu bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na riƙa jin kunyar haɗa ido da shi. A rana ta uku da safe na fito zan tafi, sai na gan shi tsaye cikin farar jallabiya da rawani, ya naɗe takardunsa a leda.

Ya ce, "Mu je in ga mutumin. Ban ce zan sa hannu ba."

A harabar kotu aka ba su 'yan mintuna. Alhaji bai tambaye shi laifinsa ba. Ya tambaye shi ko har yanzu ana noman maiwa a wajensu, domin kakarsa takan ba shi labarinta, shi kuwa bai taɓa ganinta ba. Baba ya ce ana yi, sai dai ta ragu. Suka ɗan yi maganar ruwan sama. Daga nan Alhaji ya juya gare ni ya ce, "Ina ake sa hannun?"

Baba ya zauna a zauren gidanmu kusan wata biyu. Surukin Alhaji yana da wajen walda a unguwar Shajara, can Baba yake zuwa yana ɗaga musu ƙarfe, don ya ce zama haka nan yana sa masa ciwon baya. Tsakanin la'asar da magariba mukan zauna a tabarma ni da shi. Ya koya mini yadda ake gane inda ruwa yake kusa ta wajen duban itatuwa da gidan gara, da yadda ƙasa ke canza wari in an kusa kai wa ga ruwa. Ni kuma na ba shi labarin 'yata ƙarama da ta fara tafiya ba na nan. A waɗannan makonni ne kawai na yi dariya da ƙarfi a Khartoum.

Da safe kuma ina yawon ofisoshi. Ofishin da ke kula da 'yan ƙasarmu ya ce a kawo takarda ko shaidu. Na maƙwabtanmu Nijar ma haka ya ce. Babu wanda ya wulaƙanta ni, kuma da ni ne a kujerar, abin da zan nema ke nan. Ƙa'idar kowane ofishi daidai take in ka dube ta ita kaɗai. Baba ne dai ya faɗa tsakaninsu.

Alhaji ne ya tuna da wani tela a Bahri, ƙetaren kogi, wanda ya zo daga yankin su Baba shekaru da yawa da suka wuce. Muka je shagonsa ranar Juma'a bayan masallaci. Telan bai yarda da wuri ba. Ya tambayi Baba ranar da kasuwarsu take ci, ya faɗa. Ya tambayi wanda ke limanci, ya faɗa, har ya ƙara da cewa tsohon ya rasu, ɗansa ne yanzu. Sai telan ya ce, "Rijiyar da ke gindin tsamiya a hanyar kasuwa fa, zurfinta gaba nawa ne?"

Baba ya ce, "Goma sha bakwai. Ni da yayana muka haƙa ta."

Telan ya ajiye almakashi ya rungume shi. Shi da wani ɗan'uwansa suka ba da shaida cewa gidan su Baba a ɓangaren Nijar yake, aka ba Baba takardar tafiya.

Na rubuta duk wannan a babi na uku na aikina. Malamina ya karanta, ya ja jan biro a kan shafi shida. Ya ce, "Labarin ya taɓa ni, amma ma'auni ake nema a wajenka." Ya bar mini abu biyu: cewa dole a samar da tafinta tun zaman farko, da cewa kowace ƙasa ta rubuta nata adadin kwanakin a fili, ko da ya bambanta da na maƙwabciyarta, don wanda aka tsare ya san abin da yake jira. Ban sani ba ko wani ya taɓa karanta babin bayan masu jarrabawa.

Ranar tafiyarsa ni kaɗai na raka shi tashar motocin yamma a Omdurman, domin ƙafar Alhaji ta kumbura. Matar Alhaji ta ƙulla masa dabino da garin sha. Muna tsaye jikin bas ya ce, "Malam, hanyata ta Katsina ce in Allah ya kai ni. Ka kwatanta mini gidanku. Wane saƙo zan kai?"

Na kwatanta masa unguwar da masallacin da ke kusa da mu. Na ce, "Ka ce musu ina lafiya."

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Baba."

Bas ta tashi. Na hau wata na tsallako gada, na dawo Sahafa. An riga an naɗe tabarmar Baba an jingine a kusurwar zaure. Na koma cin ful a tsaye da zaman bencin baya, Alhaji ya koma ga rediyonsa. Baba ba shi da waya, ban kuma san ko ya isa ba.

Sai bayan wata uku, ina magana da matata a waya, ta ce, "Af, na manta. Wani dattijo ya zo shekaranjiya, dogo haka, ya ce daga wajenka yake." Ta ce ya gaisa da mahaifina a zaure, ya sha ruwa, aka kawo abinci ya ce yana sauri kada motar garinsu ta tashi. Ya ce a kira masa yaran, ya ba kowanne dabino uku, ya daɗe yana duban ƙaramar.

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Ya ce kana lafiya. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce mini, 'Amma ki riƙa kiransa, 'yata. Mijinki ba shi da abokin hira a garin nan.'"