Tafiretar Madam Despina

Zinatu ta zo London a 1984, ta biyo mijinta Hambali da ke karatu a Bloomsbury. A Kaduna ta koyi buga tafireta, amma a nan ba ofishin da ya ɗauke ta. Daga ƙarshe council, wato ƙaramar hukuma, ta ba ta aikin kula da wata tsohuwa 'yar ƙasar Girka a Bayswater, Madam Despina.

Ranar farko tsohuwar ta ƙura mata ido, sannan ta ce da Hausa tangaram, "Ke 'yar wane gari ce?"

Zinatu ta tsaya riƙe da jakarta. Ashe shekara talatin matar nan ta yi a Nguru, inda mijinta ke sayen fatu da gyaɗa. Tun da ya rasu ba ta sami abokin hira da Hausa ba.

Burinta ɗaya: ta rubuta wa jikokinta labarin zamanta na Nguru da Girkanci. Idonta ya yi rauni, hannu kuma yana rawa. Ta sa Zinatu ta sauko da wata tsohuwar tafireta daga kan kabad, duk haruffanta na Girkanci.

"Mama, ko baƙi ɗaya ban sani ba."

"Ni ma da na sauka a Nguru ko sannu ban iya ba. Zauna, 'yata."

Zinatu ta sha wuya. Harafin da ta ɗauka P ne ashe R ne, S kuwa kala biyu ne, ɗaya sai a ƙarshen kalma. Ta zana haruffan a kwali, tana motsa yatsu a kan cinyarta cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Da fari tsohuwar kan faɗa mata baƙi-baƙi, bayan shekara guda kunnen Zinatu ya soma kamawa. In sun cika shafi, sai Madam Despina ta mayar mata da shi Hausa, su yi ta dariya, wani sa'in kuma tsohuwar ta ce a dafa shayi. Cikin shekara huɗu suka tara shafi ɗari da arba'in.

A 1989 Zinatu ta sami aikin sakatariya a wani ofishin lauyoyi, suka koma Dagenham. Ta yi alkawarin zuwa kowace Asabar. Sau uku ta je. Ga nisa, ga goyo, kullum tana cewa sati mai zuwa. Da abin ya daɗe, sai kunya ta hana ta ko yin waya.

Sai a 1992 ta daure ta kira. Ɗan tsohuwar ya ɗauka, ya ce mahaifiyarsa ta rasu tun bara, an riga an sayar da gidan. Ta tambaye shi takardun. Ya ce ya ga wasu a kwali, amma shi ba ya karanta Girkanci sosai, bai san inda masu kwashe kaya suka kai su ba. Zinatu ba ta taɓa ajiye kwafi ba.

Ta yi shekara tara a ofishin nan, ana yabon saurin hannunta. Ba ta cika ba da labarin nan ba. In ta bayar, takan ce sun tsaya ne a kan wata Awabu, matar da ta shayar da ɗan Madam Despina lokacin da uwar take kwance da zazzaɓi. Tsohuwar ta ce mata wannan babin sai sun sami yini guda cur.