Jan Agogon Mama Ibidun

Har yau in tsofaffin ɗaliban Ibadan suka haɗu, sai sun taɓo zancen Mama Ibidun da jan agogonta mai ƙararrawa. Shekara ashirin da biyu ta yi a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na jami'a. Ba ta da digiri, amma ba a taɓa samun ƙazanta a kwalbar da ta wanke ba. Da wannan take taƙama, kuma ta isa.

Kullum da sassafe takan biya mayanka, ta tsaya a kan mahauta har su ciro mata wani ɗan nama kamar ƙwayar wake daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwar tunkiya. Ƙwayoyin halittar da ke cikinsa take reno a kwalba. Agogo na bugawa, ko da lomar amala a hannunta, sai ta tashi ta ɗiga musu sinadari, ta ɗauraye, ta bar su su huta awa guda. Su kuma sai su amsa, su saki ruwan da ke sa tunkiya ɗaukar ciki.

Ana nan sai wani matashi, Dokta Oyelaran, ya dawo daga Turai da na'ura mai tsiyayar da sinadarin ba tsayawa. Cikin kwana uku ƙwayoyin suka yi gum. Nan take ya ɗora laifin a kan wankin Mama, ya rubuta a sallame ta.

Abin ya ƙona mata rai ƙwarai. Ta same shi a ofis.

"Ni ce ƙazama, Dokta? Ina wanke kwalba tun kana yawo ba wando!"

"Haba Mama, to me ya kashe su?"

"Wa ya ce maka sun mutu? Injinka ne bai iya magana ba. Kai in mutum ya yini yana kiran sunanka ba ya ko numfasawa, amsawa za ka yi ta yi? Ba ni kwana uku."

Ta raba sababbin ƙwayoyi biyu, rabi ga na'ura, rabi gare ta, sinadari daidai wa daida. Da sakamako ya fito, nata na amsa kowane ɗigo, nasa kuwa shiru. Ashe ba yawan saƙon da sinadarin ke kai musu kaɗai suke saurare ba, har da tazarar da ke tsakani.

Dokta ya kwanta rub da ciki ya gaishe ta irin ta Yarabawa a gaban kowa, ya yaga takardar sallamar. Sannan ya zauna kusa da ita da biro, yana kallon agogon.

"Mama, minti nawa kike ba su?"

Ta gaya masa komai, cike da alfahari. Ya saita na'urar a kan lissafinta, ƙwayoyin suka farfaɗo. Shekara ba ta zagayo ba aka shirya mata walimar ban kwana, don na'ura ta karɓe aikin, ba sauran abin da za ta tashi ta yi.

A bara Dokta ya kai mata ziyara, shi ma furfura ta cika masa kai. Agogon na kan tebur, har yanzu tana ɗaure shi ya riƙa bugawa duk awa guda. Suna cikin hira ya buga. Tsohuwar ta miƙe zumbur kamar yadda ta saba, ta kai bakin ƙofa, sannan ta tsaya.

"Suna amsawa kuwa?" ta tambaya.

"Suna amsawa, Mama."

Ta dawo ta zauna, ta sake ɗaure agogon.