Waƙar da Ba a Rawa da Ita

Makarantar firamaren unguwarmu a Yauri ta roƙe ni in koya wa yara waƙoƙinmu na Gungawa saboda ranar al'adu. Har da wadda Inna ke rerawa idan ruwa ya ci mutum na koya musu. Na ba su labarinta, na ja kunnensu cewa ba a rawa da ita.

Ranar bikin, shugaban makarantar ya ce a bar labarin, baƙi na sauri. Ya sa makaɗi ya zafafa ganga, wai waƙar ta fi armashi haka. Yara suka yi ta tsalle, manya na tafi. Da wannan waƙar muka raka gawar ƙanena daga bakin ruwa. Har yau shugaban gode mini yake yi.